Ƙanina ya yi waƙa ya ce in faɗa masa gaskiya, ta ina zan fara?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ne ya tsaya min a rai nake neman shawararku. Ni tela ne a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Ina da ƙane, ɗan baffana ne amma a gidanmu ya tashi. Manomi ne, riɗi da zoɓo yake yi. Tun yana yaro bakinsa ba ya rabo da waƙa, a gona ne ko a bakin rijiya. Bana ya zauna ya tsara tasa ta kansa a kan ci-rani, yadda samari ke watsewa bayan kaka su bar tsofaffi da mata a gari. Ya ɗauka a waya, ya ɗora ta a kan wani kiɗan fiyano da abokinsa ya tura masa, ya rarraba wa abokai. Kowa sai "Masha Allah", sai "ka gama da su", sai "Kano ta kira ka". Yanzu ya ƙudura cewa da ya kai riɗinsa kasuwar Maigatari ya sayar, zai ɗauki kuɗin ya tafi situdiyo a Kano.

Ni kuma na saurara a natse. Muryarsa tana da daɗi, wannan babu ja. Amma waƙar ta yi tsawo, ta haura minti goma. Amshin ya fi baitocin tsawo. Akwai wuraren da ba na jin abin da yake faɗa sam. Karin ya yi min kama da na wata waƙa da ake yawan sakawa a gidan biki. Sannan akwai baiti guda da ya yi wa wani mai kuɗin garinmu habaici, wanda ko yaro ya ji zai gane da wa ake.

Ya same ni a shago ya ce, "Yaya, kai kaɗai ne ba ka ce komai ba. Faɗa min gaskiya." Na ce ya bari in ƙara ji. Ina tsoron in faɗa ya karaya, ko ya ɗauka baƙin ciki nake masa. Ina kuma tsoron in yi shiru ya zubar da gumin daminarsa. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani matashi daga Kazaure:

Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina ka ƙarfafa masa gwiwa kawai. Wannan ce waƙarsa ta farko, babu wanda ya fara da ƙwarewa. Matasanmu na karkara da yawa suna da baiwa, abin da ke kashe su shi ne na gida su fara kushe su. In ya je situdiyo masu aikin za su gyara masa.

Wata 'yar'uwa daga Ɗambatta:

Ɗan'uwa na Kazaure, ban yarda da kai ba. Yaron nan da bakinsa ya ce a faɗa masa gaskiya, kuma ya tsallake duk masu yabon ya zo wurin yayansa. Ashe shi ma zuciyarsa ba ta kwanta da yabon ba. Masu cewa "ka gama da su" babu wanda zai mayar masa da kuɗin riɗinsa. Malam tela, amana ya ba ka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka faɗa masa, amma ku biyu kawai, ba a majalisa ba, ba kuma a gaban abokan nan nasa ba.

Wani malamin Hausa daga Ringim:

Malam, na ji daɗin yadda ka zayyana matsalolin, don ka riga ka yi rabin aikin. Mutane da yawa iyakar abin da za su iya cewa shi ne "ta yi" ko "ba ta yi ba", kuma duka biyun ba sa amfanar mai waƙa da komai. Kai kuwa ka san inda kunnenka ya yi tuntuɓe.

Abin da zan ce ka fara yi shi ne ka sa shi ya rubuta maka baitocin a takarda, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi masa sauƙi. Waƙar da ke kan kiɗa tana ɓoye aibinta, ta takarda ba ta iya ɓoyewa. In kun shimfiɗa ta a gabanku za ku ga abubuwa da idonku. Ku duba jigo tukuna: ya ce ci-rani yake waƙewa, to kowane baiti ci-ranin yake yi wa hidima, ko akwai waɗanda suka ratse zuwa soyayya da gaishe-gaishen abokai? Yawancin tsawon da ke gajiyar da mai sauraro daga irin wannan ratse yake fitowa. In aka cire su, sau da yawa waƙar da kanta take dawowa daidai.

Sai amsa-amo, wato sautin da layukan waƙa ke ƙarewa da shi. Masu farawa suna da wata ɗabi'a: in sun kama harafin ƙarshe, misali "wa" ko "na", sai su riƙa jawo kowace kalma da ta ƙare da shi ko ba ta da alaƙa da maganar. Ɗango, wato layi guda na baiti, ya yi daɗi a kunne amma in ka tambayi ma'anarsa babu. Ka ɗauki ɗango guda irin wannan ka tambaye shi, "Me kake nufi a nan?" In ya tsaya yana lalube, ya gane da kansa, ba sai ka ƙara komai ba. In kuma ƙwar biyar yake yi, wato baiti mai ɗango biyar, ku duba ko ɗango huɗu na farko sun haɗu a ƙaramin amsa-amo, na biyar kuma yana riƙe da babban amsa-amon da ya ratsa waƙar tun daga farko. Ba dole ne waƙar zamani ta bi wannan tsarin ba, amma in ya fara da shi ya sake shi a tsakiya, kunne zai ji wani abu ya karye.

Maganar wuraren da ba ka jin abin da yake faɗa, kada ka ɗora wa kiɗa laifin gaba ɗaya. Hausa harshe ne mai karin sauti, tana kuma bambanta dogon wasali da gajere. In mai waƙa ya ɗauko kiɗan da aka riga aka yi ya ce sai ya cusa maganarsa a ciki, dole ya ja gaɓar da ba ta jawuwa, ya sauke murya inda Bahaushe ke ɗagawa. Sai kalma ta fito baƙuwa a kunnen mai harshen. Maganin shi ne ya karanta ɗangon da bakinsa kamar yana hira, sannan ya rera. In rerawar ta yi nisa da yadda ake furtawa, ko dai a canza kalmar ko a canza karin.

Kada ka kwashe duk wannan ka zube masa rana ɗaya. Ka zaɓi biyu da suka fi girma.

Wani dattijo daga Haɗeja, jikansa ya rubuta masa:

Ɗana, na yi amshi a ƙuruciyata, a bayan wani makaɗin gurmi a nan ƙasarmu, ƙasar da Haruna Uji ya fito. A zamaninmu ba a ce wa yaro waƙarka ba ta da kyau. Maigida zai ce maka "sake", ka sake, ya ce "sake", har bakinka ya faɗa daidai. Daga nan ka san inda ka kauce.

Ka ce masa ya kashe kiɗan nan na waya ya rera maka da baki kawai, ko yana tafi da hannu. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi duniya, shi kaɗai ba 'yan amshi, har ya rasu a 2015, don maganar da ke bakinsa tana iya tsayawa da ƙafarta. In waƙar ƙanenka ta tsaya babu kiɗa, to waƙa ce.

Amshi kuma gajere ake so. Shi ne abin da mai sauraro zai tafi da shi gida. Ka tuna amshin Shata a kan kalangu, sau da yawa 'yan kalmomi ne, amma sun zauna a bakin mutane har bayan rasuwarsa a 1999. Ka tara yaran unguwa ya rera musu sau biyu. In suka kama amshin da kansu, ya yi. In suka yi shiru suna kallonsa, a rage.

Sannan ka fara da abin da ya yi kyau, amma na gaskiya. Kada ka ce "ka yi ƙoƙari". Ka kama baitin da ya taɓa ka, ka rera masa shi da bakinka. Mawaƙin da ya ji baitinsa a bakin wani ya san an saurare shi, duk abin da aka faɗa masa bayan nan zai shiga.

Wani ɗan'uwa daga Sule Tankarkar:

Ni baitin habaicin nan ne ya fi damuna, kuma a nan ba na ganin wurin lallashi. Waƙa in ta shiga waya ba ta dawowa, daga wannan katin waya zuwa wancan har ta kai kunnen wanda aka yi domin shi. Ƙauye ne, gobe za ku haɗu a masallaci, a jana'iza, a wurin neman aure. Ka ce masa kai tsaye ya cire, a matsayinka na yayansa. In halin ne yake son ya soka, ya soki halin ba tare da ya siffanta mutum ba.

Mai neman shawara:

Allah ya saka muku da alheri, Baba na Haɗeja Allah ya ƙara lafiya. Akwai baitin da ya ce uwa tana ƙirga watanni da tsinken tsintsiya tana jiran ɗanta, wallahi duk sanda na ji sai jikina ya yi sanyi. Da shi zan fara. Habaicin kuwa zan sa ya cire. Saura maganar karin da ya yi kama da na wata waƙa. Ita ce ta fi min nauyi, don kada ya ji kamar ina ce masa ɓarawo. Sannan tafiyar Kanon, in hana shi ne ko in bar shi?

Wani mai haɗa kiɗa a Kano, ɗan asalin Bichi:

Yallaɓai, wannan sana'ata ce, bari in sa baki. Da farko ɗan'uwa na Kazaure ya ce za mu gyara masa. Abin da muke iya gyarawa shi ne sauti: mu share hayaniya, mu daidaita murya da na'ura, mu buga kiɗa. Baiti marar ma'ana ba ma iya ba shi ma'ana. Kuma lokaci kuɗi ne a wurinmu, akwai wasu a layi, ba kowane mai situdiyo ne zai tsaya ya ce maka koma gida ka gyara ba.

Maganar kari, mafi yawan masu farawa ba da gangan suke ɗauka ba. Abin da kunne ya saba ji shi yake fitowa. Kuma tunda kiɗan da ya hau na wani ne, kiɗan ne ya ja shi zuwa karin mai shi. Kada ka ambaci sata ko kaɗan. Ka kunna masa waccan waƙar, ka kunna tasa, ka tambaye shi me ya ji. Sannan ka nuna masa asarar da ke ciki: mutane za su ji tasa su tuna da wani, sunan wani zai ƙara tashi da guminsa. In mai karin ya ji kuma yana iya tayar da maganar haƙƙin mallaka. In ya bi shawarar Baba ya rera babu kiɗa na ɗan lokaci, nasa karin zai fito, mu kuma sai mu buga kiɗan a kan muryarsa. Haka ya kamata aikin ya tafi.

Kanon kada ka hana shi, ka dai ce ya jinkirta. Ya rage waƙar ta dawo kamar minti biyar, ya haddace ta sarai yadda ba sai ya duba takarda ba. Ya sake ɗauka a waya cikin ɗaki mai katifa da labule, da dare in gari ya yi tsit, wayar ta ɗan nisanci bakinsa kamar taƙi guda don kada iska ta riƙa bugun ta. Ya ba mutum biyu ko uku da ba su san shi ba su ji, ya tambaye su me waƙar take cewa. In sun iya faɗa, to ya shirya. In ya tashi zuwa ya tambayi kuɗin aikin tun kafin ya hau mota, ya ware wani abu kaɗan daga kuɗin riɗin, sauran ya bar shi na iri da taki. Ya kuma sani cewa a Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da ke sa ido a kan waƙoƙin da ake fitarwa, don haka ya nemi bayanin ƙa'idojinta kafin ya saki waƙar a kasuwa.