Neman shawara: za mu ɗauko marainiya daga Tawa, yaya za mu tsara tafiya da jiran takardu?

Hajara, Mabera

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa bin wannan hanya, ko suka san ta ta wajen aikinsu. Ni malamar makaranta ce a nan Sakkwato, maigidana kuma ma'aikacin gwamnati ne, shekararmu 11 da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. Ƙanwata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, aka kai ta aure Tawa a Jamhuriyar Nijar, mijinta ya rasu tana da ciki, ita ma Allah ya yi mata rasuwa wata 3 da suka wuce, ta bar yarinya 'yar wata 13. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, don haka yarinyar tana hannun kakarta ta wajen uba, dattijuwa ce mai kirki amma idonta ya yi rauni. Da na je sadakar arba'in, na tarar tana ba ta kunu a ƙoƙo tana laluben bakinta da yatsa kafin ta kai ludayi, kuma tun ranar ban sake samun barci mai daɗi ba.

Baffan yarinyar ya ce mana da baki sun amince mu riƙe ta. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne tsarin tafiyar. Maigidana hutu ɗaya yake samu a shekara, ni kuma sai an tashi makaranta. Wasu dangi suna cewa mu je mu ɗauko ta a yini biyu, tunda Ƙonni da Illela kamar unguwa da unguwa ne, wasu kuma suna cewa takardu kan ci shekara. Sau nawa ya kamata mu je, yaushe zai ɗauki hutun, kuma jira na wane tsawon lokaci za mu sa a rai?

Alhaji Sani, Tashar Illela

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mamatan. Malama, ni kusan kowane mako ina kan wannan hanya, kuma a ganina dangin da suka ce ki je ki ɗauko 'yarki ba su faɗi ƙarya ba, domin ita hanyar ba ta da wahala. Idan kika bar Sakkwato da sassafe ta Kware da Gwadabawa, kina Illela kafin hantsi, kilomita 80 da 'yan kai ne, daga Ƙonni kuma ki kama motar Tawa ki yi la'asar a can. Ki canji sefa kafin ki tsallaka, ki kauce wa Lahadi saboda cunkoson kasuwar Illela, kada kuma ki yarda dare ya riske ki a hanya ko a wane ɓangare. Iyayenmu sun riƙe 'ya'yan dangi daga Adar da Gobir ba tare da takarda ko ɗaya ba, kuma yarinya mai wata 13 ba ta san jira ba.

Hajiya Rabi, Arkilla

Alhaji, na yarda da kai a kan hanya, amma ban yarda da kai a kan takarda ba, kuma abin da ya same ni ne ya sa nake faɗin haka. Ƙanwata Hajara, ki saurare ni da kyau. Ni ma ɗan ɗan'uwana na ɗauko daga Maraɗi yana da shekara 2, na kuma yi abin da ake ce miki ki yi: na je ranar Talata, na goyo shi ranar Alhamis. A wani shingen bincike aka ce in sauko, aka tambaye ni takardar da ke nuna nawa ne, ba ni da komai sai hoton ubansa a waya. Yaron bai saba da ni ba tukuna, ga shi yana tsala kuka yana miƙa hannu baya, kuma duk wanda ya ga wannan kukan ba zai yarda uwarsa ce ke riƙe da shi ba. Tun azahar muke zaune a kan benci a ƙarƙashin bedi har aka kira magariba, sai da aka kirawo kawunsa ya biyo mu da mota, a ƙarshe kuma gida aka mayar da shi, na dawo Sakkwato da zanen goyo a jaka.

Bayan nan ne na bi hanyar da ta dace, kuma daga ranar da na fara har ranar da ya kwana a ɗakina wata 7 aka yi, na je sau 3. Abin da ya fi cin lokaci ba kotu ba ce. Wata biyu da rabi sun tafi wajen haɗa dangin uba a zama ɗaya, domin wannan yana ci-rani a Agadas, wancan ya ce sai an yi girbi, kuma wanda ya amince da baki ranar makoki ya fara ja da baya da aka ce ya sa hannu. Kada ki ɗauka mugunta ce. Mutum yakan ji kamar yana sallama jininsa ne har abada, sai an lallashe shi an nuna masa yaron zai ci gaba da amsa sunan gidansu. Daga nan aka gano ba a taɓa yi wa yaron takardar haihuwa ba, kuma da yake lokacin rajista ya wuce, sai da alƙali ya saurari shaidu ya yanke hukuncin da ke maye gurbinta. Wani ofishi kuma ya ɓatar da fayil ɗinmu har mako 3.

Saboda haka shawarata ita ce kada maigidanki ya taɓa hutunsa yanzu. Zuwan farko ke kaɗai za ki yi shi da wani muharraminki, ki zauna kwana 10 ko fiye, ki tattaro takardar haihuwar yarinya, da ta rasuwar uwa, da ta rasuwar uba, da katin rigakafi, ki kuma tsayar da ranar taron dangi. Hutunsa ya ajiye shi sai an ba ku ranar zaman kotu, domin nan ne za a iya cewa lallai sai an gan shi. Kuma ko an ba ku rana, kada ku ɗaure wa kanku ranar dawowa, ku ƙara mako guda a lissafi da guzuri.

Barista Nasiru, Runjin Sambo

Malama Hajara, abin da Hajiya ta faɗa shi ne daidai, zan ƙara abu biyu ne a kansa. Na farko, ki san sunan abin da kike nema kafin ki shiga kowane ofishi, domin kalma ɗaya tana iya sauya tsawon jiranki. Akwai mayar da yaro ɗa a doka, inda yake ɗaukar sunan masu riƙonsa, akwai kuma riƙo, inda kotu ke damƙa miki kulawa da shi nasabarsa tana nan yadda take. Na farkon, idan za a ƙetare iyaka da yaro, yana ƙarƙashin yarjejeniyar Heg ta 1993, wadda Nijar ta shiga a 2021 amma Nijeriya ba ta shiga ba, kuma irin wannan fayil sai ya bi ta hukuma a Yamai, kusan kilomita 420 daga Ƙonni. Wanda ya ce miki takardu kan ci shekara, wataƙila wannan yake nufi. Ke kuwa innar yarinya ce, riƙo kike nema, kuma daga kotun Tawa ake fara shi, da rubutaccen sakamakon taron dangi a hannu. Ki roƙi a ambaci a fili cewa an ba ki izinin fita da ita daga ƙasar, domin hukuncin riƙo da izinin fita ba abu ɗaya ba ne a idon jami'in kan iyaka. Ki ɗauki lauya ɗan can tun zuwan farko, shi zai riƙa bibiyar fayil idan kin dawo. Takardun da Faransanci za su fito, duk da cewa a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ki sa kwanakin fassara da tabbatar da hatimi a lissafinki.

Kada kuma ki ji haushin tsananin bincike. Tun badaƙalar safarar jarirai tsakanin Nijeriya da Nijar da ta fallasa a 2014, jami'ai ba sa wasa da mace mai goyo marar takarda, a ɓangarenmu ma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofishi a nan Sakkwato saboda irin wannan.

Na biyu zai faranta miki rai. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen Nijeriya ɗan ƙasa ne idan uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne. Tunda marigayiya 'yar Sakkwato ce, yarinyar tana da wannan haƙƙi, abin da ya rage shi ne hujja. Ki fara neman takardun ƙanwarki tun yau, na haihuwa, na ƙaramar hukuma, da lambarta ta shaidar ɗan ƙasa, domin wannan aikin a gida ake yin sa, ba ya buƙatar kuɗin mota. Abin da nake roƙonki da Allah kada ki yi shi ne karɓar shawarar masu cewa a yi mata sabuwar takardar haihuwa a ce a Mabera aka haife ta. Laifi ne, kuma ranar da za a raba gadon ubanta a Tawa, wannan takardar ce za ta zama hujja a kanta. Idan kun iso, ku gabatar da hukuncin ga ma'aikatar da ke kula da mata da yara ta jiha, wadda ke aiki da dokar kare yara da Sakkwato ta kafa a 2021.

Malam Abubakar, Gidan Igwai

'Yata, Allah ya ba ki ladan wannan niyya. A mazhabar Malikiyya, idan uwa ta rasu kuma kakanni mata na wajenta ba su raye, 'yar'uwar uwa tana gaban dangin uba a haƙƙin reno, don haka ba alfarma kaɗai kike nema ba. Amma ki riƙe wannan a ranki, kada ki buɗe taron dangi da shi, domin da laushin harshe za ki fi saurin samun sa hannu. Sunan ubanta kuwa ba a taɓa shi, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta, kuma idan maigidanki yana son ya bar mata wani abu, ƙofar kyauta a buɗe take, da ta wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba.

Akwai wani agogo da ba wanda ya ambata, kuma ba ya jiran kotu. Yarinyar ba muharramar maigidanki ba ce. Idan 'yar'uwarsa mai shayarwa ta shayar da ita kafin ta cika shekara 2, ya zama kawunta na shayarwa, zamanta a gidanku bayan ta girma kuma sai ya yi sauƙi. Sai dai malamanmu sun shardanta cewa kada yaro ya riga ya wadatu da abinci ya bar nono gaba ɗaya, saboda haka idan kin je ki lura da abin da take ci da abin da take sha, ki kai wa malami bayanin yadda yake. Idan sharaɗin bai kuɓuce ba, mai shayarwar ta bi ki a zuwan farko, ba sai an jira takardu ba.

Sista Balkisu, Gawon Nama

Anti, ki duba katin rigakafinta ki ga ko an yi mata allurar shawara, wadda ake yi daga wata 9, domin katin ba ya fara aiki a kan iyaka sai bayan kwana 10 da yin allurar. Ku ma ku nemi naku tun yanzu. Idan ranar ɗauko ta ta faɗo a watan Afrilu ko Mayu, ku yi sammako sosai, ku riƙe ruwan gishiri da sukari, domin zafin hanyar Tawa a bazara yana saurin galabaitar da ƙaramin yaro.

Hajara, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare mun zauna da maigidana mun karanta amsoshinku ɗaya bayan ɗaya, ya kuma janye takardar neman hutun da ya riga ya rubuta. Ni zan tafi da yayanmu da zarar an ba da hutun zango, ƙanwarsa mai goyo ta amince ta bi mu, kuma na samo takardar haihuwar marigayiya a cikin akwatin mahaifiyarmu. Alhaji Sani, zan bi tsarinka na hanya. Yaya Rabi, abu ɗaya ya rage da ke nuƙurƙusata: a cikin watannin nan na jira, yaya kika yi da zuciyarki, kuma yaya kika yi har yaron ya daina gudunki?

Hajiya Rabi, Arkilla

Ƙanwata, zuciya kam ba ta daina tashi ba, musamman da na tuna iyakar nan an taɓa rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma ba wanda aka yi wa sallama kafin a rufe. Wannan ne ya sa kowane zuwa nake barin kuɗin madara da magani na wata 2 a hannun matar da na amince da ita, ba na wata ɗaya ba. Ki nemi wata 'yar dangi da za ta riƙa taya kakar, ke ki ɗauki nauyinta.

Game da sabo kuwa, a kwana 10 ɗin nan kada ki bari kowa ya yi mata wanka ko ya ba ta kunu sai ke, a shimfiɗarki za ta kwana. Idan za ki dawo ki bar mata zanen da kika goya ta da shi, kada a wanke. Ni kowace magariba nakan kira a sa masa wayar a kunne in yi masa tawai iri ɗaya, har ya zama idan ya ji ƙarar waya yana rarrafowa. Ranar ɗaukowa ta ƙarshe kuma ki roƙi kakar ta rako ku har Sakkwato ta yi mako biyu, ki sa kuɗin motarta da na mai mayar da ita a cikin guzuri tun yanzu.