In rage bitrate na waƙoƙina kafin in kwashe su zuwa laptop ko in bar su haka?

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min da shawara. Ina da tsohuwar desktop da na daɗe ina tara waƙoƙi da laccoci a cikinta, folda ɗin ta kai kusan GB 90, wasu MP3 ne masu bitrate 320 kbps (wato yawan bayanan sauti a kowane sakan), wasu 128, akwai kuma FLAC da na kwafo daga faifan CD ɗina. Yanzu so nake in mayar da su laptop amma SSD ɗinta 256 ne kawai kuma har ta cinye rabi. Ni tunanina in maida komai 128 in huta, to sai wani ya ce min a'a, in ma ina son sauti mai kyau gara in ɗaga na 128 ɗin su koma 320. Wanne ne gaskiya? Sannan wace hanya ta fi sauƙin kwashewa, duk biyun Windows ne kuma router ɗaya suke kai.

mai_kunne:
Wa alaikumus salam. Malam wanda ya ce ka ɗaga 128 zuwa 320 bai san yadda MP3 ke aiki ba wlh. Shi MP3 tun lokacin da ake haɗa shi yake zubar da wani ɓangare na sautin, wanda ake ganin kunne ba zai lura ba, kuma abin da ya zube ya tafi kenan babu manhajar da za ta dawo maka da shi. In ka ɗaga shi 320 fayil ɗin zai kumbura sau biyu da rabi, sautin kuwa ko ɗigo ba zai ƙaru ba, ƙila ma ya ɗan ragu tunda an sake matse shi karo na biyu. Kamar ka yi fotokwafin fotokwafi ne a babbar takarda.

Ragewar ma ba kyauta ba ce, daga 320 zuwa 128 matsewa biyu kenan, ya fi muni a kan 128 da aka yi kai tsaye daga CD, za ka fi jin abin a ƙarar kuge da tafi, sai su riƙa wani shuu shuu kamar a cikin ruwa.

Kafin ka taɓa komai duba waye ke cin wurin tukuna. 128 kusan MB 1 ne a minti, 320 wajen MB 2.4, shi kuwa CD 1411 kbps ne wato kimanin MB 10 a minti, FLAC yakan rage shi zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan ba tare da ya zubar da komai ba. Kaga ina kyautata zaton FLAC ɗinka ne suka cika folda ba MP3 ba. Su ɗin ne ya kamata ka juya, domin daga su matsewa ɗaya ce kawai. Ka samu manhajar foobar2000 ko fre:ac, duk kyauta ne, ka zaɓi MP3 na LAME (manhajar da ke haɗa MP3 ɗin) a matakin inganci V2, yana fita wajen 190 kbps kuma mafi yawan mutane ba sa iya bambance shi da CD. Ka tura sababbin wata folda daban, asalin FLAC ɗin su zauna a desktop kar ka kuskura ka goge. Na 128 da na 320 kuma ka kwafe su yadda suke.

Af, in kana shakkar wani 320 da ka sauko da shi daga intanet ka buɗe shi a Spek, manhajar da ke nuna hoton sauti, in ka ga sautin ya yanke tsaf a wajen 16 kHz to galibi 128 ne wani ya hura.

Hajiya_Linux:
Na yarda da mai_kunne amma banda laccoci. Maganar mutum ba ta buƙatar 320 ko kaɗan, in akwai laccar da ke 320 ka sauke ta 64 mono, ko an matse sau biyu ba abin da kunnenka zai rasa, kuma su ne masu tsawon awa da awanni. Ni da ni ce ma Opus, wani tsarin matse sauti, zan yi amfani da shi don ya fi MP3 kyau a ƙaramin bitrate, sai dai tsofaffin rediyon mota da ƙananan sifika masu cin filashi da yawa ba sa karanta shi, so in kana yawo da waƙoƙin ka tsaya a MP3 ɗinka.

Kuma dan Allah kar ka ce za ka yi musu zip, MP3 da FLAC an riga an matse su ba za su ragu ba, sannan in filashin FAT32 ne fayil ɗaya ba ya wuce GB 4, zip ɗin zai ƙi shiga. Ka yi masa fomat zuwa exFAT ko NTFS.

dan_waya:
Tunda router ɗaya suke ba sai ka nemi filashi ba yallabai. A desktop ka danna dama a kan folda, Properties, Sharing, ka buɗe ta, ka tabbatar netwok ɗin yana Private ba Public ba a duka biyun in ba haka ba ba za su ga juna ba. A laptop ka rubuta \\ da sunan desktop ɗin a File Explorer. Amma ka jona waya kar ka bi wifi, in duk gigabit ne kana iya samun wajen MB 100 a sakan, in kuwa tsohuwar desktop ɗin katin 100 Mbps gare ta to MB 11 ne, GB 90 zai ci sama da awa biyu. Ni robocopy, umarnin kwafi na Windows, nake amfani da shi da /E (mai kwaso har foldojin ciki) saboda in ya katse ka sake kunnawa zai tsallake waɗanda suka riga suka shiga, amma ka kiyayi /MIR, wannan yana goge duk abin da ke can ɓangaren wanda babu shi a asali.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa, sunan mawaƙi da album suna cikin fayil ɗin za su bi shi, amma playlist na m3u sau da yawa cikakken adireshi yake riƙewa, in da a D: suke yanzu suka koma C: zai ce bai ga komai ba. Ka buɗe shi da Notepad ka canza adireshin da Replace.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na duba, ashe FLAC kaɗai GB 55 ne. Na sa foobar2000 amma da na zo juyawa sai yake tambayata lame.exe, ina zan same shi?

mai_kunne:
Ka koma shafin foobar2000 ka sauke Free Encoder Pack ka sa, LAME na ciki ba zai sake tambaya ba. In ba ka son wannan zagayen fre:ac da nasa yake zuwa. GB 55 ɗin nan a V2 zai dawo wajen 12, gaba ɗaya ƙasa da GB 50 kenan, zai shiga laptop ɗin ba sai ka taɓa na 320 ba.