Za a dawo da jaririya daga wankan jego, ga mai tarin shiƙa a gida

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Amaryata tana Daura wajen wankan jego, ranar Juma'a za ta yi arba'in a dawo da ita Katsina. To 'yar uwargida mai shekara 4 yau sati biyu tana tari, in ya turnuƙe ta sai shiƙa da amai, da dare ya fi tsanani. Jaririyar ba ta karɓi allurar sati shida ba tukuna. In ce su ƙara zama can ne? Hajiya ta ce in na ɗaga surukai za su ce akwai wata a ƙasa.

Maman Biyu:
Hunturu ne kawai. Zuma da lemon tsami, har jaririyar a riƙa lasa mata.

Nas Ɗinku:
Don Allah Maman Biyu, ba a ba jariri zuma sai ya shekara. Malam, wannan ya yi kama da tarin shiƙa, ƙwayar cuta ce da ke bin numfashi. Mai shi yana yaɗa ta har kusan sati uku da fara tarin, amma in aka sa shi a kan maganin kashe ƙwayar cuta, azithromycin ko erythromycin, bayan kwana 5 ya daina yaɗawa. Kai yarinyar asibiti yau, a duba sauran 'yan gidan ma.

Ta Rafindaɗi:
Ni ce zan ba ka labari ɗan uwa. Nawa yana da wata biyu ya tafi. Wata gwaggonsu ta zo mana kwana da tarinta, ta ce ƙura ce, ta yini tana ɗaukarsa tana sumbata. Bayan sati guda ya fara majina. Ko shiƙar bai taɓa yi ba, sai dai ya ɗauke numfashi, leɓensa ya yi baƙi, in jijjiga shi ya dawo. Mai kemis ya ba ni ruwan maganin tari ya ce zai faɗa. Sanda muka isa asibiti an makara. Har yau ana cewa kwana ne ya ƙare, na yarda, amma babu wanda ya iya ce wa matar nan ta ajiye min yaro.

Baban Yara:
Allah ya sa mai ceto ne. Na sayi azithromycin na ruwa 2,500 a Sabuwar Unguwa.

Maman Biyu:
Wane 2,500? Satin jiya 4,000 na biya.

Nas Ɗinku:
Ku bar sayen magani da kanku, nauyin yaro ake dubawa kafin a rubuta. Kuma allurar Penta, wato rigakafin da ya haɗa da na tarin shiƙa, guda ɗaya ba ta gama kariya, uku ce: sati 6, 10 da 14. Ita ce ta mashaƙo ma, kun ga abin da ya yi mana a 2023.

Alhajin Kasuwa:
Ke nas ce ko likita? Iyayenmu sun raini goma goma ba Penta.

Ta Rafindaɗi:
Tambayi Hajiyarka guda nawa ta binne, Alhaji.

Sarkin Zolaya:
Ni dai na san uwargida ba za ta ƙi a ƙara wa amarya wata arba'in ɗin ba.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Ka rufa min asiri. Yaya Nas, in an yi mata allurar a Daura, za ta iya ci gaba a nan?

Baban Yara:
In ka samu ke nan. Asibitin unguwarmu mun je da safe aka ce ranar rigakafi ta wuce, mu dawo wani satin. Da muka koma kuma wai kuɗin kati.

Nas Ɗinku:
Za ta iya, ta riƙo katinta. Rigakafin yara kyauta ne a asibitin gwamnati, duk wanda ya karɓi kuɗinku ku kai ƙara ƙaramar hukuma.

Maman Biyu:
Ƙara wajen wa? Mu naira 200 aka karɓa wai na auduga, kuma layi tun bakwai har azahar, mace da goyo ko benci babu.