Sabuwar laftof mai nawa: Linux ne maganinta?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Laftof na saya a Circle, nan Accra, sabuwa dal, ko wata ba ta yi ba. In na kunna ta, sai in je in sayo koko in dawo ba ta gama farkawa ba. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake yi a lokacin, 4GB ne. Wani ya ce in goge Windows in sa Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, wai duk kwamfutar da ke nawa shi ne maganinta.

Ɗalibar Legon: Gaskiya ya faɗa maka, yaya. 4GB shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 ke karɓa, ka ga da kyar take numfashi. Sa Linux Mint, ko pesuwa ba za ka biya ba. Tsohuwar tawa shi na sa mata da aka daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, yanzu gudu take kamar trotro da asuba.

Mai gyara na Mamobi: Ƙanwata, "duk" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Injin da aka ƙera da rauni, canza masa riga ba ya ƙara masa ƙarfi. Buɗe shafi goma a Chrome, ko a Linux ne 4GB zai cika. A fara duba ko ana iya ƙara RAM, don wasu an like musu shi a jiki. In tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, a sa SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ya fi shi sauri.

Ɗalibar Legon: Kawu, kai dai kasuwarka kake karewa.

Mai gyara na Mamobi: Ni da Ubuntu, wani nau'in Linux, tun kina firamare. 2004 ya fito, kuma ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa shi. Ba ƙinsa nake ba. Ɗan Nima, wane aiki kake yi da ita?

Ɗan Nima: Katin aure da na suna nake zanawa, da CorelDRAW.

Mai gyara na Mamobi: To ka ji. CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux. Ranar Juma'a uwar amarya na tsaye a kanka, sai ka ce mata kana koyon sabuwar manhaja?

Ɗalibar Legon: Akwai Inkscape, manhajar zane ce da ke aiki a Linux. Amma na yarda, fayil ɗin da mai buga kati zai karɓa shi ne rigimar. To kar ka goge komai. Sa Mint a filas, ka tayar da ita daga can, ka ga ko Wi-Fi da firinta na aiki.

Ɗan Nima: Rasit ɗina yana nan. Gobe zan fara komawa shagon. Kawu, ƙarfe nawa kake buɗewa?