Neman shawara: mastas ɗin injiniya a Ingila, Jamus, ko in zauna gida?

Ɗan Runjin Sambo:

Assalamu alaikum manyanmu da 'yan uwa na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya gaya mini gaskiya ko da ba daɗi.

Injiniyan gine-gine na karanta, shekara biyar, na fito da 2.1, na gama bautar ƙasa. Yanzu ina tare da wani ɗan kwangila a nan Sakkwato, aikinmu kwalbatoci da magudanan ruwa. Amma abin da ke raina harkar ruwa ce, madatsai da noman rani. Duk wanda ya tuna ambaliyar 2010 da ta cinye gadar jami'a, ya kuma ga yadda ruwan Goronyo ke ja baya da rani, ya san akwai aiki a wannan fanni. Burina in koyar a jami'a, in kai har dakta in Allah ya yarda.

Baba ya ce zai sayar da filinsa ɗaya ya biya mini mastas a waje. Wani ejan ya ce Ingila zan tafi, shekara ɗaya na gama. Da na shiga shafin wata jami'a a can ina neman M.Eng, sai na ga shekara huɗu ne, kuma sakamakon sakandare suke tambaya. Abokina ya ce in manta da Ingila, Jamus kyauta ce. Kawuna kuma ya ce digirin shekara ɗaya ba digiri ba ne. Ina da mata da yaro ɗaya. Kaina ya ɗaure, ku taimaka.

Malami a Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka yi kuskuren karatu ba, abin da ka gani haka yake. A Ingila MEng digirin farko ne da aka haɗa shi da na biyu. Yaro ya gama sakandare ya shiga, ya yi shekara huɗu a jere, a Sikotilan kuma biyar. Ba naka ba ne. Wanda ya riga ya yi digirin farko MSc yake nema, wata 12 cur: daga Satumba zuwa wajen Mayu darussa da jarrabawa, sai watannin bazararsu uku ko huɗu ka rubuta kundin bincike. Kiredit 180 ne, 60 daga ciki na kundin. A nan gida kuwa M.Eng bayan digirin farko ake yi, da darasi da bincike. A Kanada da wasu jami'o'in Amurka akwai MEng na bayan digiri, amma yawanci darasi ne da ɗan aikin ƙarshe, an tsara shi don mai komawa kamfani, kuma da kuɗinka za ka yi. Wanda ake ba ɗalibi tallafi a Kanada shi ne MASc, mai bincike.

Maganar kawunka ba haka take ba. Digiri ne cikakke, ni ma shi na yi, da shi aka ɗauke ni koyarwa, da shi na shiga PhD. Sai dai akwai ƙamshin gaskiya a cikin tsoronsa. Binciken wata uku ba ya koya wa mutum bincike. Kana fara gane inda matsalar take za a ce ka miƙa. Ga wanda zai koma aikin kamfani wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya ce dakta yake hari, rashi ne, domin PhD ɗin Ingila babu darasi a cikinsa, ranar da ka isa ake miƙa ka ga mai duba aikinka, shekara uku zuwa huɗu kai da teburinka, a ƙarshe ka kare kundin a gaban masu jarrabawa biyu.

Basakkwace a Jamus:

Bari in gyara wa abokinka magana. Yawancin jami'o'in gwamnati a nan ba sa karɓar kuɗin koyarwa, wannan gaskiya ne, sai ɗan kuɗin zango da kowa ke biya. Amma jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart da Karlsruhe suke, tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba tun 2017, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓa a 2024. Kuma kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara guda a asusun da ake kullewa, ana sakar maka kaɗan kaɗan duk wata. Tun ƙarshen 2024 adadin ya kai yuro 11,904. Ka buga shi da naira ka gani ko kyauta ce.

Da can Jamusawa digiri ɗaya suke yi mai tsawo, Diplom, wajen shekara biyar. Bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999 aka raba shi gida biyu, shi ya sa mastas ɗinsu ci gaban digirin farko ne kai tsaye: zango huɗu, kiredit 120, wata shida na ƙarshe kundi kawai. Wannan ne ya sa ba 2.1 ɗinka kaɗai suke kallo ba. Takardar sakamakonka za su baje, darasi bayan darasi, su ƙirga nawa ka yi na lissafi, nawa na ilimin motsin ruwa, nawa na ƙarfin gini. In bai kai abin da suka gindaya ba, ko dai su ƙi ka, ko su ɗauke ka da sharaɗin cike giɓi. Don haka tun yanzu ka je sashenku ka nemi bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa, a buga masa hatimi. Mutanenmu da yawa a nan suke faɗuwa, ba a maki ba.

Sannan makarantun iri biyu ne. Akwai jami'a ta bincike irin su Aachen da Dresden, akwai kuma Fachhochschule mai karkata ga aikin masana'anta. Duka mastas suke bayarwa, amma mai son dakta ta farko ta fi masa sauƙin hanya. Daktan injiniya a nan kuma galibi ma'aikaci ne, farfesa ya ɗauke ka da albashi, kana aikin cibiyarsa kana rubuta naka.

Abu biyu da ba a faɗa wa mutane. Jarrabawarsu ba wasa, a jami'o'i da yawa in ka faɗi kwas ɗaya sau uku an sallame ka daga fannin. Kuma kwas na Turanci ne, amma mai gidan haya da ofishin baƙi da wurin aikin wucin gadi Jamusanci suke ji. Mutane kaɗan ne ke gamawa a shekara biyu daidai.

Abu Khadija:

Ku daina mantawa da Malesiya. A jami'o'insu na UTM da UPM ana yin mastas iri uku, na darasi, na bincike zalla, da na gauraye. Na bincike zalla ba ka da aji sai kwas ɗin dabarun bincike, kuma yawanci sai ka wallafa maƙala kafin a yaye ka. Rayuwa ta fi Turai sauƙi, abinci halal ne, ga masallaci ko'ina. Malaman jami'o'in Arewa da yawa can suka yi.

Injiniya, Gawon Nama:

Ƙanena, ni ɓangaren da maza suka tsallake zan taɓa. Ka ce kana da mata da yaro. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana mai mastas na darasi tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ejan ɗinka ya gaya maka wannan? Ya gaya maka bayan kuɗin makaranta, wanda a manyan jami'o'i ya haura fam 20,000 a fannin injiniya, akwai kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara da za ka biya tun wajen neman biza? Shi kamasho yake samu daga makarantar da ya tura ka, ba zai taɓa ce maka ka je inda ba a biyansa ba. Ka zauna da mai ɗakinka ku yi maganar nan kafin Baba ya kira dillali.

Na biyu, mastas ko na wace ƙasa ne ba ya sa a rubuta maka Engr. a gaban suna. Wannan aikin COREN ne, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma shekara huɗu na gogewar aiki suke nema bayan digirin farko. Kwalbatocin nan da kake rainawa su ne hujjarka. Ka riƙa ajiye zane da lissafi da hotunan kowane aiki. A Ingila digiri na biyu yana cikin sharuɗɗan zama CEng, wato cikakken injiniya mai rajista a can, shi ya sa suka ƙirƙiro MEng ɗin da ya ruɗa ka. Mu nan shekara biyar ɗinmu ta wadatar wajen rajista.

Ɗan Mabera a Legas:

Da girmamawa ga Malam da Anti Injiniya, kun matsa wa Ingila da yawa. Na yi MSc a can na dawo, cikin wata 13 ina kan aikina. Abokan da munka fara neman gurbi tare, wanda ya tafi Jamus ina aiki yana koyon harshe. Shekarar da ka rage ita ma kuɗi ce. Kuma ba dole sai da fili ba, akwai tallafin karatu na Chevening da na Commonwealth, akwai na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ga fannonin da suka shafe su. Chevening na son shekara biyu na aiki, ka kusa cikawa.

Malami a Zariya:

Ba mu saɓa ba, Ɗan Mabera. Kai kamfani ka koma, kuma ka yi daidai. Shi allo da alli ya ce yana so. Da tallafi ne zan ce ya tafi gobe. Da kuɗin fili ne nake ja.

Wani ɗan uwa a Texas:

In dakta kake nufi da gaske, ka san cewa a Amurka ba sai ka yi mastas ba. Da digirin farko ake shiga PhD kai tsaye, wajen shekara biyar. Shekara biyun farko darussa ne, sai jarrabawar tantancewa, in ka tsallake ka ci gaba da bincike, jami'o'i da yawa ma a kan hanya suke ba ka MS ɗin, wato mastas ɗinsu. A fannin injiniya yawancin masu PhD ba sa biya, farfesa ke ɗaukar ka mataimakin bincike ko na koyarwa, a yafe kuɗin makaranta a ba ka na kashewa duk wata. Mai MS shi ne ya fi biya da aljihunsa. Don haka ba jami'a ake nema ba, farfesa ake nema, ka karanta maƙalunsa ka rubuta masa. Sai dai maganar bizar ɗalibai ga 'yan Najeriya ta yi tsauri, ka bincika halin da ake ciki kafin ka kashe ko sisi a kan GRE, jarrabawar da wasu jami'o'in Amurka ke nema wajen ba da gurbi.

Baƙo daga Ƙonni:

Mu maƙwabtanku tsarin Faransa muke bi, lisans shekara uku, mastar biyu, doktora uku. Amma a Faransa wanda ake ji da shi ba mai mastar ba ne, mai takardar injiniya ne daga manyan makarantu na musamman, shekara biyar bayan sakandare, kuma darajarta ɗaya da mastar. Tunda ruwa kake so, ka duba 2iE a Wagadugu, makarantar ruwa da muhalli ce, ƙasarsu irin tamu, zafi da ƙarancin ruwa iri ɗaya.

Tsohon ma'aikacin Rima Basin:

Yaro, na karanta duk abin da anka rubuta. Ni tambaya ɗaya gare ni: ruwan da kake son ka yi bincike kansa, ina yake? Goronyo da Bakolori ba su Jamus. ABU na da sashe guda na albarkatun ruwa da muhalli, ga cibiyar ruwa ta ƙasa nan Mando, Kaduna. Ka yi mastas gida kana aikinka, iyalinka na gabanka, ka ɗebi bayanan gulbin Rima da hannunka, ka fitar da maƙala ɗaya ko biyu. Da su za ka nemi daktan da za a biya ka. Ban ɓoye maka ba, mastas ɗin gida da anka ce wata 18 ne yana iya kai shekara uku, yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci, kuma wani lokaci na'urar gwaji ta lalace ba mai gyara. Amma fili in ya tafi ba ya dawowa, kuma ba kai kaɗai ne ɗan Babanka ba.

Ɗan Runjin Sambo:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na gaya wa Baba a dakata da maganar fili, ya ce dama bai samu mai saye da daraja ba. Zan sayi fom ɗin Zariya, kuma zan gwada neman tallafi a lokaci guda. Malam, tambaya ta ƙarshe: in na yi M.Eng na gida, Jamus ko Amurka za su karɓe shi wajen PhD, ko sai na sake wani?

Malami a Zariya:

Suna karɓa, ɗalibanmu sun tafi da shi. A Jamus kwamitin sashe ne ke duba takardunka, wani lokaci su ce ka ƙara kwas ɗaya ko biyu, amma abin da ke buɗe ƙofa shi ne farfesan da ya yarda ya duba aikinka. DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, na da tallafin dakta da ake nema daga nan. A Amurka za ka sake wasu darussa ko da mastas ɗinka, wasu jami'o'in su rage maka kaɗan. Abin da zan ce ka kula da shi tun wajen cike fom: ka zaɓi mai kundin bincike, kada ka ɗauki irin na ƙarshen mako da ake yi wa ma'aikata, domin wannan ba ya kai mutum PhD ko a nan gida. Ka kuma fara neman takardar sakamakonka daga jami'arku yanzu, tana ɗaukar lokaci. In ka shigo Samaru ka yi mini magana ta akwatin saƙo, in nuna maka ofishin sashen.