Tambaya kan 'ya'yan Jan van Riebeeck

Assalamu alaikum, malamai masana tarihi. Mako uku ke nan ina fama da salsalar iyalin Jan van Riebeeck, ɗan Holan ɗin da ya kafa zangon VOC, kamfanin Holan na kasuwanci da Gabashin Indiya, a Kef, Afirka ta Kudu, a 1652. Darasi nake shirya wa ɗalibaina, ba na so in koya musu kuskure.

Inda na cije shi ne, matansa biyu duk sunansu Maria. Ta farko ta rasu a Malaka, cikin Malesiya ta yau, a 1664, ya sake aure a Batabiya, wato Jakarta ta yau. Abraham dai, da aka haifa a 1653 ya kuma zama gwamna janar na kamfanin a Batabiya a 1709, ɗan ta farko ne. Sauran 'ya'yan ne suka cakuɗe mini. Don Allah, ina zan samu rajistar coci da ta nuna uwar kowanne?