Sansanonin Chindit a yaƙin Bama, 1944: me ya sa White City ya tsaya, Blackpool ya faɗi?

Bazazzagi:

Assalamu alaikum jama'a. Barikin Chindit da ke Zariya ya samo sunansa ne daga Chindit, runduna ta musamman ta Birtaniya a yaƙin Bama (ƙasar Burma, Myanmar ta yanzu) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda bataliyoyin Najeriya suka yi gadin sansanonin da aka kafa a bayan sojojin Japan a 1944. Tambayata ga masana ita ce: a aikace yaya ake kafa irin wannan sansani a tsakiyar dajin da abokan gaba suka kewaye? Me ake fara yi, mutum nawa ake bukata, abinci da ruwa ta ina suke zuwa? Sannan sansanin da ake kira White City ya jure hari na makonni, wanda ake kira Blackpool kuwa ko mako uku bai cika ba aka watse. Runduna ɗaya ce, to daga ina bambancin ya fito?

Ɗan Bariki:

Wa alaikumus salam, Malam Bazazzagi. Tun kafin diga ta taɓa ƙasa ake cin nasara ko a faɗi, wato a wajen zaɓen wuri. Janar Orde Wingate, wanda ya tsara wannan dabara, ya gindaya sharuɗɗa. Wurin ya zama inda mota ba ta zuwa, domin hanyar da mota ba ta bi, manyan igwa da tankoki ba sa bi. Abin da maƙiyi zai kawo bai wuce wanda kafaɗa ko bayan alfadari zai ɗauka ba. Ruwa ya kasance a cikin shinge. A sami fili shimfiɗaɗɗe da za a gyara jirgin ɗaukar kaya na Dakota ya sauka, kusa da shi kuma tudu ko kurmi inda za a haƙa ainihin sansanin. Filin jirgin a wajen waya yake zama, tsawonsa ya fi ƙarfin shinge, sai dai bindigogin sansani su tsare shi daga inda suke.

Haka aka yi a sansanin da aka sa wa suna Broadway daren 5 ga Maris 1944. Jirage marasa inji ne aka jawo da igiya daga Assam ta Indiya, cikinsu har da injiniyoyin Amurka da ƙananan katafiloli. Da yawa sun tarwatse wajen sauka saboda kwaruruwan da jan gungumen katako ya bari a ƙasa, ciyawa ta rufe su, hoton sama bai nuna ba. Duk da haka washegari da dare Dakota ya fara sauka, kuma cikin mako guda an shigar da mutum kimanin 9,000 da alfadarai sama da 1,000 ta Broadway da wani fili na biyu, Chowringhee.

Haƙa kuwa tana da jeri. Ramukan kewaye ne farko, mutum biyu a kowane rami, ɗaya na barci ɗaya na gadi. Zurfi ya kai ƙirji, faɗi kada ya wuce kafaɗa da yawa, don rami mai faɗi gayyatar gurneti ne. Daga nan a zaunar da bindigogi masu sarrafa kansu na Vickers ta yadda wutarsu za ta bi tsawon waya a karkace, ba ta miƙe cikin daji ba. Mai harbi gaba kai tsaye mutum ɗaya ko biyu zai samu, mai harbi ta gefe kuwa duk layin da ya maƙale a waya yake sharewa. Da rana ake saita su a kafa turaku, yadda da dare ko ba a ganin komai harsashi zai bi inda aka nufa.

Sai waya mai ƙaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne kafa ta dab da ramuka. Dole ta wuce nisan jifan gurneti, wajen mita 35, in ba haka ba maƙiyi zai kwanta a bayanta ya riƙa jefo muku. Kuma wayar da babu bindiga a kanta jinkiri kawai take kawowa, za a yanke ta ko a fasa da dogon bututun nakiya, wanda sojojin Japan suka yi ta amfani da shi. Tsakanin layukan waya a binne nakiyoyi, a kafa tsinin gora. Bayan haka a rufe ramuka da gungume, a zuba ƙasa aƙalla rabin mita saboda ɓaraguzan morta. A White City katako da ƙarafan dogo suka ciro suka yi rufi da su, tunda a kan titin jirgin ƙasa suke. Wayar tarho kuma binne ta ake yi. Wadda aka shimfiɗa a fili, ruwan wuta na farko yake tsinka ta, kwamanda ya rasa sanin ɓangaren da ake matsa wa.

Masu gadi bataliya ɗaya ce, mutum 700 zuwa 800, da igwa huɗu masu harsashin fam 25, da bindigogin Bofors na kakkaɓo jirgi. Amma rabin dabarar a waje take: wata runduna da ba ta shiga shinge, tana yawo a daji, aikinta ta auka wa maƙiyi ta baya sa'ad da ya taru zai kawo hari. In babu ita, sansani ya zama akurki.

Da dare ba a tashi daga rami, ba a harbi sai an ga mutum a waya. Sojojin Japan kan turo 'yan tsiraru su yi ta ihu da harbe-harbe don a mayar musu, su gane inda manyan bindigogi suke. Gurneti ake jefawa, shi ba ya tona asirin inda ya fito.

Inna Likita:

Ɗan Bariki ya yi bayanin waya da bindiga, Allah ya saka. Ni abin da zan ƙara shi ne wanda ya fi harsashi cin mutane. Janar Slim, kwamandan Runduna ta 14 ta Birtaniya a yaƙin Bama, ya ce a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda ciwo, kuma zazzaɓin cizon sauro kaɗai ya kai kashi 84 cikin 100 na rundunar a shekara. Maganin da ake da shi mefakirin ne, ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 kullum. Yana mayar da fata rawaya, ga jita-jitar cewa yana kashe mazakuta, saboda haka sojoji suka riƙa zubarwa. Sai aka mayar da shansa fareti: a jeru, kowa ya haɗiye a gaban hafsa. Slim ya sa ana gwajin ba-zata, bataliyar da aka samu ƙasa da kashi 95 na mutanenta suna sha, a cire kwamandanta. Uku ya cire, sauran suka shiga taitayinsu.

Ruwa ma yana da doka. A ƙorama guda wuri uku ake warewa: can sama na sha, ƙasa da shi na dabbobi, can ƙarshe na wanka da wanki. Kowace gorar ruwa a jefa mata ƙwayar tacewa a jira rabin sa'a. Mai ƙishirwa ba ya son jira, nan atuni yake shiga. Kada kuma a manta alfadari ɗaya yana shan lita 25 zuwa 40 a yini, saboda haka ƙoramar da ta ishi mutum 800 a watan Maris ba lalle ta ishe su da dabbobinsu a ƙarshen Afrilu ba.

Masai rami ne mai zurfi, ƙasa da wurin ɗiban ruwa, nesa da madafa, kowa ya rufe nasa da ƙasa saboda ƙuda. A rubuce abu ne mai sauƙi. Amma in ana ruwan morta mutum ba zai bar raminsa ya tafi masai ba, sai ya yi a gwangwani ya watsar gaban rami. Mako biyu a haka ya isa ya kwantar da kamfani guda. A White City matsalar ta ninku da gawarwakin da suka maƙale a waya, ba damar fita a binne. An jefo farar ƙasa daga jirgi, an gwada ƙonawa da bindigar feshin wuta, wari da ƙuda ba su ragu ba.

Abinci kuma shi ne babban zaluncin da aka yi wa waɗannan mutane. Kwalin abincin Amurka mai suna K aka dogara da shi, kwali uku a yini, kuzarinsa bai kai kalori 3,000 ba. Don 'yan kwanaki aka yi shi, sai aka ciyar da mutanen da ke ɗauke da kaya wajen kilo 30 a tsaunuka da shi wata da watanni. Jiki ya rame, ƙaramin ƙurji ko cizon matsattsaku ya zama gyambo. Da aka duba lafiyar birged ta 111, wadda ta riƙe Blackpool, a ƙarshe, cikin mutum kimanin 2,200 waɗanda aka samu da sauran ƙarfin yaƙi ba su wuce wajen 120 ba.

Bazazzagi:

Na gode ƙwarai, Inna, na gode Malam. Sai dai wani abu ya tsaya mini. An ce sharaɗin farko shi ne wurin da mota ba ta zuwa, alhali White City a kan dogo da hanyar mota aka kafa shi. Ke nan shi ma ya karya dokar, amma bai faɗi ba.

Bagobiri:

Gaskiyarka, Malam, kuma nan ne amsar tambayarka ta biyu take. White City da Blackpool duka ba maɓoya ba ne irin sansanonin Broadway da Aberdeen, shingen tare hanya ne, an dasa su da gangan a maƙogwaron dogon da ya tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina. Dole a kawo musu hari. Abin dubawa shi ne me kowanne ya samu kafin harin ya zo.

White City ya sami lokaci. Birgediya Calvert ya kama tuddan Henu kusa da Mawlu a tsakiyar Maris, babban hari kuwa bai fara ba sai 6 ga Afrilu. Kusan mako uku ke nan ana jefo waya ana ninkawa, ana rufe ramuka, har aka gyara filin Dakota aka sauke igwa da Bofors. Rani ne, sama a buɗe, jiragen yaƙin Amurka suna zuwa kullum. A harba hayaƙi da morta a nuna musu wuri, su zuba bom dab da waya. Rundunar Japan da aka turo, birged ta 24, ba ta da manyan igwa masu yawa, ga shi kusan kowane dare ta gefe guda take bugowa, inda aka riga aka saita bindigogi. Sannan Calvert ya fita da mutanensa ya riƙa dukansu ta baya. Wajen kwana goma sha biyu suka yi suna gwadawa, suka haƙura.

Blackpool ba ta sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wingate ya mutu a hatsarin jirgi ranar 24 ga Maris, Janar Lentaigne ya gaje shi, aka ce a matsa arewa a taimaki Janar Stilwell na Amurka. Birged ta 111 ƙarƙashin John Masters ta kafa shingen kusa da Hopin a makon farko na Mayu, kuma cikin 'yan kwanaki aka fara dukanta, waya ba ta yi kauri ba. Wurin yana kusa da inda runduna ta 53 ta Japan take da ƙarfi, aka jawo igwa masu bakin milimita 105, suna harbi daga inda ba a iya mayar musu. Birged ta 14 da aka sa ran za ta yi yawon waje tana can tana fama da taɓo a tsaunuka, ba ta iso ba. Damina ta sauka, gajimare ya hana jiragen yaƙi zuwa.

Abin da ya karya ƙashin bayan shi ne filin jirgi. Da sojojin Japan suka matso da bindigogin kakkaɓo jirgi kusa da shi, Dakota ya daina sauka, jefowar ma sai daga nesa a gurguje, rabin kayan ya faɗa hannun maƙiyi. Sansanin da komai nasa daga sama yake zuwa, ranar da aka rufe masa sama kwanakinsa ƙidayayyu ne. Harsashin morta ya ƙare, abinci ya ƙare, masu rauni suka taru ba hanyar fitar da su. Ranar 25 ga Mayu Masters ya ba da umarnin janyewa, aka ɗauki waɗanda za su ɗauku a kan makara aka haura tsauni zuwa wajen tafkin Indawgyi, inda jirage masu sauka a ruwa suka kwashe ɗaruruwan marasa lafiya. A ganina laifin ba na waɗanda suka haƙa ramukan ba ne, na waɗanda suka sa yatsa a taswira ne.

Ɗan Bariki:

Haka yake, Malam Bagobiri. Bari in cike batun mutanenmu, don akwai masu cewa dako kawai suka je yi. Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wato bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 na Rejimantin Najeriya, an ciro ta ne daga runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma aka ba Wingate musamman don gadin sansanoni. Ta 6 ta riƙe Aberdeen, ta 12 tana cikin wayar White City lokacin hare-haren Afrilu, ta 7 kuma tana cikin masu yawon waje. White City ba ƙwace shi aka yi ba. A farkon Mayu aka kwashe igwa ta jirgi cikin dare aka fice, aka bar wurin cike da tarkon nakiya.

Sauran runduna ta 81 a kwarin Kaladan da ke yammacin Bama wani irin sansani suka yi, na kwana biyu ko uku a tashi. A can ne 'yan dako suke, sojoji ne da ke ɗaukar kaya a ka a maimakon alfadarai, kuma da adda da gora suke tsayar da rumfa, gado da gada cikin sa'o'i. Su ma daga sama ake ciyar da su, don haka aikin farko a kowane zango shi ne sare filin jefo kaya. Ana zaɓen wuri mai tsawo da jirgi zai bi ba tsauni a gabansa, a yi alama da ƙyalle da rana, da dare kuma a hura wuta a jere. Harsashi da magani da laima suke saukowa. Shinkafa da abincin dabbobi kuwa haka nan ake turo su, a buhun da ba a cika ba aka sa cikin wani babba, don in na ciki ya fashe na waje ya riƙe. Buhun nan yana kashe mutum in ya same shi, shi ya sa ba mai shiga fili sai jirgin ƙarshe ya wuce, sannan a kwashe komai har laimomin kafin gari ya waye, kada farin ƙyalle a kan itace ya nuna wa jiragen Japan inda aka kwana.